Mutumin da Ya Juya Kujerar Tarakta

Malama, don Allah kafin ki karanta wa 'yan aji wannan, ina roƙonki abu ɗaya. Kada ki faɗi sunana. Ko wani ya matsa miki, ki ce a kwandon baiko na coci kika tsinci takardar. Ku ma da za ku ji, in wani ya gane irin maganata ya yi shiru abinsa, don girman Allah. A gida ba su san ina rubutu ba. Kin ce kowa ya kawo misali ɗaya ran Lahadi ya tsaya a gaba ya faɗa, ni kuwa in na tsaya a gaba bakina rawa yake yi. A aji huɗu na tsaya da makaranta, in kin ga kuskure ki gyara a bakinki ki wuce. Sunayen da ke ciki ni na sa musu, ba da kowa nake ba.

Akwai wani mutum, manomi ne, yana da gonar shinkafa a fadama, shi da ƙanensa. Mutane suna ce masa Baban Afiniki, ƙanen kuma sunansa Obadiya. Da ubansu zai mutu ya bar musu abu biyu da ya ce kada a raba. Ɗaya gonar nan, ɗaya kuma wata tsohuwar tarakta da fentinta ya koɗe har ba a san kalarta ta asali ba. Ya ce musu tarakta ta gida ce, kada ta fita aikin waje sai su biyun sun yarda.

Tsakanin gonar da rafi akwai jinga, wato dogon tudun ƙasa da uban ya tara don ya tare ruwa. Rafin yana cika sau biyu a shekara. Na farko ƙarami ne, in damina ta zauna. Na biyu shi ne babba, lokacin marka. In jinga tana tsaye, ruwa ya wuce abinsa. In babu ita, gida biyu ba su da abinci a wannan shekara.

To, ruwan bara ya riga ya cinye jingar a wuri ɗaya, ya bar giɓi mai faɗi, shanu shida za su jera su wuce ta ciki. Dole a cike shi kafin rafi ya taso. Taraktar tana da wani babban shebur na ƙarfe a bayanta, da shi ake ɗibar ƙasa a tudu a kai a zuba. Amma ɗiba a baya ake yi, zubawa ma a baya. Mai tuƙi yana zaune fuskarsa gaba, aikinsa duk yana bayansa, sai ya wuni wuyansa a murɗe. Baban Afiniki ya yi shekara ashirin da wani abu yana haka. A shekarar nan wuyan ya ƙi. In ka kira shi sai ya juyo da jikinsa gaba ɗaya. Rani ya wuce yana cewa gobe, gobe, matarsa tana gasa masa da ruwan zafi, har aka yi ruwan farko aka yi shuka, giɓi yana nan buɗe.

Za ku ce me ya hana Obadiya ya hau. Obadiya ya shekara shida bai taɓa sitiyarin nan ba, ga kuma dalili.

Wata rana can baya Obadiya ya tafi gaisuwar rasuwa garin su matarsa. Baban Afiniki yana zaune a kasuwa sai abokansa suka fara tsokana, wai tarakta ta tsufa, ko kututturen ɗorawar da ke gonar wani a cikinsu ba za ta iya tumɓukewa ba. Abin ya shiga ransa. Bai jira ƙanensa ba, ya tayar da ita ya tafi, ya ɗaura sarƙa a kututturen ya ja. Bai motsa ba. Ya ja baya ya fizga da ƙarfi. Sai wani abu ya ce ƙas a cikinta, can ƙasa tsakanin manyan tayoyi. Daga ranar, in tana tafiya sai ka ji ƙar, ƙar, ƙar. Wani direban babbar mota ya ba shi dabara, ya ce ya samo garin katako ya ɗura ta ramin da ake zuba mai, ƙara za ta lafa. Ya ɗura. Ta lafa, amma ba ta ɗauke duka ba.

Da Obadiya ya dawo ya hau, ya ji ƙarar. Da yamma suna cin abinci a tsakar gida, matansu biyu suna zaune, ya ce, "Yaya, motar nan tana wani kuka da ban sani ba."

Baban Afiniki bai ɗaga kai daga kwano ba ya ce, "Yau ka ji? Kai ne ai. Hannunka ba shi da kyau, fizgar giya kake yi kamar mai tuƙa tuwo. Na daɗe ina gani na yi shiru."

Obadiya ya wanke hannu, ya zaro makulli daga aljihu ya ajiye a kan tabarma. Shi ke nan. Bai yi faɗa ba, bai kuma ƙara hawa ba. Duk wata biyu ko uku, in ba kowa a kusa, Baban Afiniki yakan ƙara ɗura garin katako.

To da abin giɓin nan ya matsa, sai ya tafi wurin wani bakanike mai suna Gayus. Gayus ɗan kawunsa ne, taubashinsa, ba sa haɗuwa ba su tsokani juna ba. Yana hango shi ya fito daga ƙarƙashin wata mota yana goge hannu.

"A'a, ga mai wuyan itace. Juyo mana mu gaisa, ko sai na sa maka giris?"

"Kai dai bakin nan naka shi zai ja maka. Ba wasa ya kawo ni ba."

"Da ma yaushe ka iya wasa? Faɗi, ina jin ka."

"Na ji an ce ana iya juya tarakta, bayanta ya koma gaba. In zauna ina kallon shebur, ba sai na murɗe wuya ba. Gaskiya ne?"

"Ana yi," in ji Gayus. Ya tsuguna ya zana masa a ƙasa da ƙusa. "A cikinta, tsakanin manyan tayoyi, akwai wani ƙaton ƙarfe zagayayye kamar faifai, mai haƙora. Shi yake gaya wa taya inda za ta nufa. In aka ciro shi aka mayar da shi ɗaya gefen, giyoyin nan huɗu da suke kai ka gaba za su koma kai ka wajen shebur. Ribas ɗin nan guda ɗaya, giyar komawa baya, shi zai riƙa yin tsohuwar hanya. Bayan nan sai a juya kujera da sitiyari. Shi ke nan, ka huta, wuyanka ya huta, Maman Afiniki ta huta da dafa ruwa."

"Kwana nawa?"

"Uku. Sai an zubar da man ciki, an cire tayoyi, an buɗe ta. Ka ce wa Obadiya ya zo ya kama mini, ƙarfen yana da nauyi, kai kuma ba ka da amfani."

Baban Afiniki ya hango a ransa man nan yana zubowa a daro da garin katakon ciki, Obadiya yana tsaye yana kallo.

"Ba a yi sai an buɗe?"

"Ka taɓa ganin an wanke hanjin akuya ba a farke ta ba?"

"Kwana uku ya yi yawa. Rafi ba zai jira ni ba."

"Rani guda ka zauna kana kallonsa, yau kwana uku ne ya yi yawa?"

Baban Afiniki ya ce zai yi tunani. Da ya fita bai yi gida ba, ya nufi rumfar wani mai walda a bakin titi. Ya ce masa kujera kawai yake so a juya, da sitiyari, a ƙara wa birki da kuloci sanduna su iso ƙafarsa. Mai walda bai tambaye shi komai ba. Wuni ɗaya ya gama, har ya shafa wa kujerar sabon fenti.

Washegari mutumin ya hau, fuskarsa tana kallon shebur, ya sa ribas ya nufi gona. Jama'a suka fito suna kallo. Wasu suna cewa kai, Baban Afiniki akwai basira. Wani dattijo ya ce tun da yake bai taɓa ganin irin wannan ba. Shi kuwa yana ta ɗaga musu hannu, wuyansa a miƙe, ransa fari.

Daga waje kam ta juya. Amma giya ɗaya tak yake da ita mai zuwa inda yake kallo, ita ce ribas, ita kuma ba a yi ta don wuni ana aiki ba. Tafiyarta kamar ta tsohuwa mai ciwon ƙafa. Daga tudun da ake ɗibar ƙasa zuwa giɓin akwai 'yar tafiya, sai ya wuni bai yi sawu goma ba. Sauran giyoyin huɗu masu ƙarfi da gudu duk bayansa suke yi yanzu, inda ba ya gani. In ya zubar da ƙasa yakan sa giya ɗaya a hankali ya matsa taku biyu don ya samu wurin juyawa, ya yi maza ya cire. Kullum yana gaya wa hannunsa, kada ka taɓa sauran nan.

Obadiya yana bin sa a ƙasa da fartanya yana baza ƙasar, yana cike ramukan da taya ta bari a kan jinga. Ran kwana na shida ya tsaya ya duba giɓin, ko kashi ɗaya cikin uku ba a cike ba.

"Yaya, da wannan tafiyar ba za mu gama ba. Gayus ya ce mini kwana uku zai yi mana ita yadda ya kamata."

"Gayus surutu ne da shi. Ba ga ta tana yi ba?"

"Tana yi. Rafi ma yana yi."

"In ka gaji ka je ka zauna."

Obadiya ya sunkuya ya ci gaba da baza ƙasa.

Ran kwana na tara, da hantsi, wasu mata masu dawowa daga ƙauyukan kan dutse suka ce can sama an kwana biyu ana ruwa. Kowa ya san in an yi ruwa a can, bayan 'yan kwanaki zai iso nan. Ga hadari kuma ya fara haɗuwa ta gabas. Baban Afiniki yana kan jinga, shebur cike da ƙasa, yana duban hadarin yana duban giɓin, tarakta tana ta jan jiki kamar ba ta san abin da ake ciki ba. Ransa ya ɓaci. Bai ma san lokacin da ya taka kuloci ba. Hannun nan da ya shekara ashirin yana yin abu ɗaya in yana sauri, shi ya tafi da kansa ya jefa giya uku, ƙafa ta saki.

Tarakta ta zabura ta yi tsohuwar hanyarta, wato bayansa. Obadiya yana nan a sunkuye. Ƙarar ce ta sa ya ɗago, ya saki fartanya ya yi tsalle ya faɗa cikin shinkafa. Taya ta bi ta kan fartanyar ta karya ƙotar gida biyu. Mutumin yana neman birki, wuya ya ƙi juyawa ya ga inda za shi, har ƙananan tayoyin suka zame daga kan jinga, hancinta ya nutse a taɓo, injin ya mutu.

Obadiya ya taso, laka har kunne, yana haki.

"Yaya, saura kaɗan ka kashe ni."

"Ban gan ka ba."

"Ta ina za ka gan ni? Fuskarka tana can, ita tana nan."

Sai da aka samo shanun huɗa huɗu aka ja ta aka fitar. Da aka tayar da ita, ribas ɗin ma ya fara fita da kansa, aikin kwana tara ya cinye shi. Obadiya bai nemi shawarar kowa ba, ya hau keke ya je ya ɗauko Gayus.

A gindin wani mangwaro a gefen gona aka ajiye ta. Gayus ya zagaya ya duba aikin mai walda, ya shafa kujerar.

"Kai, fentin ya yi kyau. Da ma ka sa mata ɗankunne."

Ba wanda ya yi dariya. Gayus ya kwanta a ƙarƙashinta, ya tura daro, ya sa sufana a kan notin da ake zubar da mai. Obadiya ya tsuguna yana riƙe masa daron. Baban Afiniki yana tsaye yana kallon notin yana juyawa. Zai iya yin shiru. Zai iya cewa tun zamanin Baba abin yake ciki, Baba kuwa ba ya nan balle ya musa. Maganar har ta zo bakinsa. Sai idonsa ya sauka a kan kunnen ƙanensa, lakar ta bushe a wurin bai ma goge ba.

"Gayus, dakata."

Gayus ya dakata.

"Obadiya, abin da zai fito daga cikin nan garin katako ne. Ni na zuba. Ni na karya ta, lokacin da ka tafi gaisuwa, na kai ta jan kututture ba da saninka ba. Hannunka ba abin da ya yi."

Obadiya bai saki daron ba. Ya ce, "Gayus, kwance."

Abin da ya zubo ba mai ba ne. Baƙi ne mai kauri, yana faɗowa gutsure-gutsure kamar tuwon da ya kwana. Gayus ya sa hannu a ciki ya lalubo, ya fito da haƙoran ƙarfe guda biyu, ya ajiye su a kan taya. Wannan karon bai tsokani kowa ba. Ya ce garin ya shiga ko'ina, sai an wanke komai da kananzir ɗaya bayan ɗaya, sai kuma an je birni kasuwar tsofaffin ƙarafa an nemo wani faifan, da ɗan ƙarfen ribas. Ya ce kwana uku da ya faɗa da, yanzu biyar ne, in an yi sa'a.

Obadiya ya miƙe ya goge hannu a wandonsa. Ya ce, "Yaya, a gaban Keziya ka faɗi waccan maganar. A gabanta za ka warware." Keziya matar Obadiya ce.

Baban Afiniki ya tafi gida da rana tsaka, matan suna daka. Ya tsaya a tsakar gida ya faɗa, kamar yadda ya faɗa a gona. Keziya ta jingine taɓarya. Ta ce, "Baban Afiniki, shekara shida in ya fasa ko kofi sai in ce masa mai mugun hannu, ina wasa, shi ma yana dariya. Ashe a bakinka na ɗauka." Ta ɗauki taɓaryarta ta ci gaba da daka. Matar Baban Afiniki kuwa ta shige ɗaki.

Kwanakin nan tarakta tana kwance a gindin mangwaro, ba taya, cikinta a buɗe, duk mai wucewa sai ya leƙa ya tambaya. Baban Afiniki da bakinsa yake ba su amsa, don ba sauran abin ɓoyewa. Su biyun da matansu suka riƙa cika buhuna da ƙasa suna jerawa a kunyar tsakiyar gona, ko Allah zai sa a tsira da shinkafar da ke ɓangaren sama.

Ran kwana na huɗu ƙaramin ruwa ya iso. Ya shiga ta giɓin, ya kwashe ƙasar kwana tara da aka zuba, ya kwanta a kan shinkafar da ke gangare. Suna tsaye a kan tudu suna kallo. Ya zo har jikin buhunan ya tsaya. Da ya janye bayan kwana biyu, duk ta gangaren ta tafi, yashi ya binne ta.

Kafin nan Gayus ya gama. Ya mayar da tayoyi, ya zuba sabon mai, ya ce, "Hau, mai wuyan itace. Sa duk wadda ka ga dama."

Mutumin ya hau. Ya sa giya ɗaya, ta tafi inda yake kallo. Ya sa biyu, haka. Da ƙasa ta ɗan sha iska suka koma aiki. Yana cikin yi hadari ya sake haɗuwa, hannun nan ya sake tafiya da kansa ya jefa giya uku kamar ranar nan. Amma ta zabura ta nufi giɓin da ke gaban idonsa. Kwana huɗu aka cike shi, aka daddaɓe. Da babban ruwa ya zo lokacin marka, ya daki jinga ya wuce.

Sun girbe ta sama. Ba ta kai su shekara ba, gida biyun sun ci tuwon masara har ya gundure su kafin sabuwa ta zo, amma ba wanda ya kwana da yunwa. Obadiya yana gaishe da yayansa kamar da, suna aiki tare. Sai dai a shekarar bai hau taraktar ba. Ko daga baya ya hau, ban sani ba.

Ma'anar wannan misali ita ce, taraktar nan mu ne. Tuba kuwa juyawa ce, mutum ya bar inda ya nufa da, ya nufi wajen Ubangiji. Amma juyawa iri biyu ce, kuma daga nesa ba a bambanta su.

Kujerar nan ita ce abin da mutane suke gani. Zuwa sujada da wuri, zama a bencin gaba, shiga ƙungiyar mawaƙa, ɗaura ɗankwali yadda ya kamata, gaishe da dattawa har ƙasa. Ba laifi ba ne, ai dole ma a juya kujera. Amma wannan wuni ɗaya ake yi, kuma ba ya zafi, har yabo ake samu. Faifan nan mai haƙora da ke can ciki shi ne zuciya. In ba a taɓa ta ba, duk ƙarfin mutum yana nan yana ja zuwa tsohuwar hanya. Ɗan kirkin da yake yi da giya ɗaya yake yin sa, yana ja da ƙyar, kullum yana tsare hannunsa da bakinsa, kullum a gajiye. Zai iya yin kwana tara a haka. Wani zai iya shekara tara. Amma ranar da aka ɓata masa rai, ko tsoro ya kama shi, ko yana sauri, abin da ke ciki shi zai tuƙa shi. Kuma ku lura wanda aka kusa takewa. Ba mutanen da suka tsaya a titi suna yabo ba ne, ɗan'uwansa ne da ke bayansa yana gyara masa hanya. Na gida su suke shan abin.

Me ya hana shi yarda a buɗe tun farko? Ya ce kwana uku ne, amma ba kwana uku ba ne. Garin katako ne. Shi ne ƙaryar da muke zubawa a kan laifi don ya daina ƙara a cikinmu. Ƙarya kuwa ba a zuba ta sau ɗaya, sai an yi ta ƙarawa, tana shiga ko'ina, har abin da za a gyara a kwana uku ya koma biyar. Mafi muni shi ne in ka ɗora wa wani, yana yawo da laifinka a kansa, kai kana zaune a sabuwar kujera.

Mutum ba ya iya juya zuciyarsa da kansa, kamar yadda manomin bai iya ba sai da bakanike ya zo. Ubangiji ne mai wannan aiki. Ban ce Ubangiji yana tsokanar mutane kamar Gayus ba, wannan halin Gayus ne kawai. Amma shi ma ba ya gyara abin da aka hana shi buɗewa. Kuma in akwai wanda ka cuta, za a kira shi ya riƙe daro. Ba a yi a ɓoye.

Kada kuma wani ya ce in ya tuba yau ba zai yi asarar komai ba. Shinkafar gangare ta tafi, ba ta dawo ba. Jinkiri ne ya cinye ta. Obadiya ma bai warke a rana ɗaya ba, ba a kuma isa a tilasta masa ba. Amma ƙaramin ruwa ne ya ci wannan. Akwai babban ruwa yana zuwa, ranar da kowa zai tsaya a gaban Allah, kuma ba wanda aka gaya wa kwana nawa ya rage. Wani abu kuma, ko bayan an juya ta, akwai sauran giya ɗaya mai yin tsohuwar hanya. Ba ta ɓace ba, mutum zai iya sa ta in ya so. Sai dai yanzu ita ce guda ɗaya, huɗun suna wajen Ubangiji.

Malama, iya nan za ki karanta musu. Wannan na ƙasa naki ne ke kaɗai.

Tun bara da na shiga ajin baftisma kowa yana cewa na natsu, har ke kin faɗa a gaban aji. Kujera ce. Zanen Mama na ankon zumuntar matan coci da aka samu ya ƙone a gindi, ni ce na ɗora dutsen guga a kai na tafi kallon masu rawa a waje. Na ninke shi na mayar cikin akwati. Da aka gani na ce ƙanwata na gani tana wasa da dutsen. Baba ya doke ta a gaban kowa, har maƙwabta suka shigo. Wata bakwai ke nan. Har yau in Mama za ta ba da guga sai ta ce a ba ni, ni ce mai hankali, ita kuwa ko kusa da gawayi ba a bari ta je. Ƙanwar tawa ba ta taɓa ce mini komai ba, ita take ɗebo mini ruwan wanka ma. Na yi addu'a a ɓoye ya fi sau ashirin, abin bai daina ƙara ba. Na ce yau in Mama ta dawo daga niƙa zan faɗa, amma ban san ko sai na tara maƙwabtan ba tunda a gabansu aka yi, ki gaya mini ran Lahadi ko ya isa in

Ga Mama nan, ta dawo da wuri, ita da ƙanwar tawa, ina jin su a ƙofa suna sauke kaya. Tana kirana. Na amsa.